Yinin Dattijai Biyu A Bakin Madatsar Ruwa Ta Usuma

A ƙasar Hausa ta dā, da wuya a ga gida ya yi shiru alhali maigida da uwargida suna raye. Idan 'ya'ya mata sun tafi ɗakunan mazajensu, to maza a cikin gida za su yi aure, a yanka wa kowa sashensa, kafin a jima tsakar gida ta sake cika da kukan jarirai. Idan kuwa aka ga ɗakin tsohuwa ya yi mata faɗi, sai a ɗauko jika ko ɗan ƙane a ba ta riƙo, ta sami na aike da abokin faɗa. Da haka tsufa yake riskar mutum a tsakiyar jama'arsa.

To, zaman Abuja ya zo da wani sabon al'amari. Tun ranar 3 ga Fabrairun 1976 da gwamnatin marigayi Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar gina sabon babban birni, har zuwa ranar 12 ga Disamban 1991 da Janar Ibrahim Babangida ya taso da fadar gwamnati daga Legas, dubban ma'aikata matasa ne suka yi ta kwararowa da amarensu da ƙananan 'ya'yansu. Da yawa daga cikinsu sun sauka a Kubwa da Nyanya da Karu da Gwagwalada, wasu kuma suka sayi gidajen da suke ciki a lokacin da gwamnati ta sayar da gidajenta a tsakiyar shekarun 2000. Ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya ita ce shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, saboda haka yawancin waɗannan mutane yau sun ajiye aiki. 'Ya'yan nan da suka zo da su a goye sun girma sun watse: wannan yana Legas, waccan tana aure a Kaduna, wancan yana karatu a Ingila ko Masar. Jikoki kuwa makarantar boko ta riƙe su a wurin iyayensu, sai dai a gan su ta wayar salula.

Sai ka tarar da gida mai ɗaki uku, amma mutum biyu ne a ciki, da talabijin. Maigida in ya fita sallar Azahar sai ya zarce majalisa a ƙofar masallaci, uwargida kuwa tana ɗaki da rediyo da carbi. Ba faɗa suke yi ba, ba kuma ƙiyayya ce ta shiga tsakani ba. Abin da ya faru shi ne, shekara 30 da ɗoriya hirarsu duk ta yara ce, kuɗin makaranta, ɗinkin Sallah, zazzaɓin wane, kayan ɗakin wance. Da yaran suka tafi, sai suka tafi da hirar.

A Turai da Amurka, inda wannan hali ya daɗe, akan ga dattijo ya goya matarsa a kan ƙaton babur, irin su Harley-Davidson ko Honda Gold Wing, su nufi wani tafki a cikin duwatsu, kamar tafkin Komo na Italiya, su yi kwana biyu ko uku su dawo. Mai karatu zai iya cewa ai wannan al'adar Nasara ce, ina ruwan Bahaushe da ita? Amma wanda ya san Kano a zamanin marigayi Audu Baƙo, wanda ya yi gwamna daga 1967 zuwa 1975, zai tuna cewa da aka gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, an haɗa musu da masaukan baƙi, magidanta kuma sukan kwashi iyalansu su je shan iska a bakin ruwa. Otal ɗin Bagauda daga baya ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Ashe abin ba baƙo ba ne a wurinmu, mantawa muka yi.

Abuja ma tana da nata tafkin a cikin duwatsu, ko da yake mutane da yawa suna shan ruwansa shekara da shekaru ba su taɓa sa shi a ido ba. Shi ne madatsar ruwa ta Usuma, wadda take kusa da garin Ushafa a Ƙaramar Hukumar Bwari. A bakin direbobi da 'yan acaɓa sunanta “Usman Dam”, har wani ya zaci sunan wani bawan Allah ne aka sa mata. Alhali kuwa sunan kogin da aka datse ne, wato kogin Usuma, wanda yake gangarowa daga duwatsun arewacin birnin, ya bi ta Kubwa da Gwagwalada, ya faɗa cikin kogin Gurara, shi kuma Gurara ya kai ruwansa kogin Kwara. An gina madatsar a shekarun 1980, bayan da aka ga ƙaramin dam ɗin Jabi, wanda aka fara dogara da shi, ba zai iya shayar da birnin da ake shirin ginawa ba. Tana iya riƙe ruwa kimanin lita biliyan 100. Da jama'a suka ƙara yawa, sai a shekarun 2000 aka gina wata babbar madatsa a kan kogin Gurara a Jihar Kaduna, aka shimfiɗa ƙaton bututu mai tsawon kilomita 75 domin ya riƙa ƙaro wa Usuma ruwa.

A ƙarshen daminar bana na sami zarafin raka waɗansu dattijai biyu zuwa wannan wuri. Maigidan abokin mahaifina ne, ya yi aiki a wata ma'aikatar tarayya har ya ajiye, yana zaune a Kubwa da uwargidansa. 'Ya'yansu biyar ne, autarsu kuma bara aka kai ta ɗakin miji. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, motarsa ta fi zama a rumfa da fita, sai ya sayi babur ƙirar Bajaj domin zuwa kasuwa da masallaci. Da ma shi tsohon mahayi ne. Ya ce tun yana yaro, a lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, ya ga malaman makarantarsu sun cika gari da Vespa da Honda da Suzuki, ya ƙudura a ransa sai ya mallaki nasa. A kan Suzuki ya yi zuwa zance wurin Hajiya, a kansa kuma ya riƙa kai ta awon cikin fari. Daga nan mota ta zo, yara suka yawaita, ba ta sake hawa bayansa ba har shekara 30 suka wuce.

Ba a wanye lafiya ba kafin ta yarda. Ta ce, “Haba Alhaji, da jikokina da furfurata in hau bayan babur in ratsa unguwa? Me surukai za su ce?” Shi kuwa ya ce, “Hajiya, surukan nan suna Kaduna da Legas. Nan daga ni sai ke.” Ya ɗauki mako biyu yana lallashi. Ranar wata Asabar, bayan an yi kalaci, sai ga ta ta fito da kular abinci da fulas ɗin shayi da tabarma.

Kafin a tashi, Baba ya yi abin da ya kamata kowane mahayi ya yi. Ya kai babur wurin mai faci aka gwada iskar tayoyi, ya duba birki da sarƙa da fitila, ya cika tanki, ya sa takardun babur da lasin a aljihu. Takardun nan suna da muhimmanci a Abuja, domin tun watan Oktoban 2006, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake Ministan birnin, aka hana acaɓa a tsakiyar gari, namiji kuwa in ya goyo mace a kan Bajaj, kowa ɗan acaɓa zai ɗauke shi sai ya nuna shaida. Ya tanadi hular kwano biyu, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta tun farkon 2009. Hajiya ta ɗora tata a kan ɗankwali tana dariya tana ƙorafi. Sannan ya sa ta tattare hijabinta ta danne shi a cinya, gama dogon hijabi ko gefen zane in ya shiga sarƙa ko wayoyin taya, ya sha jawo wa mata mummunan rauni. Ni kuma na bi su a baya a kan nawa.

Daga Kubwa muka nufi Dutsen Alhaji. Nan ne wahalar tafiyar take, domin hanyar ta ratsa tsakiyar kasuwa da tasha, ga motocin haya, ga Keke Napep, ga masu tura baro, kowa yana ganin shi ya fi kowa sauri. Baba bai wuce giya ta biyu ba. Wani saurayi ma ya ɗaga masa hannu yana tambaya ko zai dawo ya ɗauke shi in ya sauke Hajiya, abin da ya sa ta dariya har muka wuce Dutsen Makaranta. A nan na lura da wani abin mamaki: 'yan ga-ruwa suna tura kurarsu cike da jarkoki suna sayarwa gida-gida, alhali tafkin da yake shayar da Maitama da Asokoro yana bayan dutsen da ke gabansu.

Da muka fita daga cunkoso muka kama hanyar Bwari sosai, sai ƙasa ta buɗe. Duwatsu suka taso dama da hagu, waɗansu sulɓaɓɓu baƙi ƙirin kamar an kife ƙwarya, waɗansu kuma ciyawa da itatuwa sun lulluɓe su har ƙoli. Ga gonakin dawa ta fid da kai, ga kunyoyin doya, ga ɗorawa da kaɗanya da mangwaro jefi-jefi. Iska ta canja, ta yi sanyi, tana ɗauke da ƙanshin danyar ciyawa. Wannan shi ne abin da mai babur ya fi mai mota da shi: shi a cikin iskar yake, ba ta gilashi yake hangen ta ba. Muka wuce matan Gbagyi, waɗanda Hausawa suke kira Gwari, sun ɗoro itace da doya a kafaɗa, domin a al'adarsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa kaya. Kafin a kai Ushafa muka saki babbar hanya muka yi dama. Duka tafiyar, da tafiyar dattijo da tsayawa shan ruwa, ba ta cika awa ɗaya ba.

A ƙofar shiga akwai masu gadi, gama wurin yana ƙarƙashin Hukumar Ruwa ta Babban Birnin Tarayya. Muka yi sallama, muka faɗi abin da ya kawo mu, muka nemi izini, aka nuna mana iyakar inda za mu tsaya. A kusa da nan ne matatar ruwa take, inda ake tace shi a sa masa magani. Da yake wurin ya fi birnin tudu, ruwan da kansa yake gangarawa ta manyan bututu zuwa tankunan da aka gina a kan duwatsun gari.

Gani ya kori ji. Muna hawa tudu sai ga ruwa shimfiɗe, ya shiga lungu-lungu a tsakanin duwatsu, wani wurin shuɗi wani wurin kore saboda inuwar tsauni da ta faɗa a kansa. Da yake damina ta yi kyau, ya cika har ya taɓa gindin itatuwa. Balbelu sun yi fari fat a kan wani busasshen reshe, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya a gefe yana jiran rabonsa, shirwa tana shawagi a sama. Can nesa wani masunci yana tuƙa kwalekwale, ba ka jin komai sai ƙarar filafilinsa in ya taɓa ruwa. Mutumin da ya saba da ƙarar janareta da hon ɗin motoci, sai ya ɗan jima kafin kunnensa ya yarda da wannan shiru.

Hajiya ta sauka tana dafa gwiwa, ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ikon Allah! Alhaji, ashe wannan ne muke sha shekara 30?” Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, aka buɗe kula, ga dambun shinkafa da soyayyen nama, ga dabino. Bayan mun ci, na ga ya dace in ba su wuri, sai na ce, “Baba, bari in ɗan zaga.” Na koma kan wani falalen dutse inda nake hangen su ba na jin abin da suke cewa. Da fari kowa ruwa yake kallo. Can sai na ga Baba yana nuna wani abu da hannu, Hajiya tana girgiza kai tana musu, daga nan sai dariya. Sun fi awa biyu a haka, ba wanda ya taɓa wayarsa. Da na dawo na tarar gardama suke yi a kan ko ranar da ya fara kai ta gidan iyayenta a kan Suzuki, shi ne ya faɗa da su cikin yashi ko kuwa ita ce ta motsa. Ba a yanke hukunci ba har aka yi alwala da ruwan butar da muka zo da ita, aka yi sallar Azahar.

Shi wannan kyakkyawan wuri yana da masu shi tun kafin a zo da injin haƙa. Gbagyi ne suke noma kwarin da ruwa ya cinye, an kuma tashi waɗansu ƙauyukansu aka sake musu matsuguni domin a gina madatsar. Saboda haka wanda ya je bakin ruwan, ya kyautu ya ƙarasa Ushafa ya gaishe da mutanen gari, ya kuma yi musu ciniki. Haka muka yi. A garin akwai cibiyar ginin tukwane, inda mata suke gina tulu da randa da kasko da tukwanen furanni. Mai ginin gargajiya ba ta juya yumɓu a kan faifai, ita ce take zagaya tukunyar tana ɗora yumɓu tana shafewa har ta tashi, sannan ta yi mata zane. Wannan sana'a ce ta fito da marigayiya Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ta zaga Turai da Amurka tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Hotonta ne a bayan takardar Naira 20. A watan Agustan 2000 kuma Shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya ziyarci Ushafa tare da 'yarsa, har mutane suka riƙa kiran garin ƙauyen Clinton.

Hajiya ta zaɓi ɗan ƙaramin tulu, ta ce ruwan firij bai taɓa kashe mata ƙishirwa kamar na randar mahaifiyarta ba. Aka yi ciniki, aka naɗe shi da tabarma, ta rungume shi a cinya. Da a ce mun ci gaba da hawa, da mun isa Bwari, inda hedikwatar hukumar JAMB da ta Makarantar Horar da Lauyoyi suke, amma Baba ya dubi rana ya ce a juya. Kafin La'asar muna Kubwa.

Wannan juyawa da wuri tana da dalili, kuma wajibi ne a faɗa wa mai karatu gaskiya. Duwatsu da dazuzzukan Bwari sun haɗe da na jihohin Kaduna da Neja, ɓata-gari kuma sun sha bi ta cikinsu. A watan Yulin 2022 an yi wa sojojin rundunar tsaron fadar Shugaban Ƙasa kwanton ɓauna a yankin, a watan Janairun 2024 kuma satar mutane a ƙauyuka da unguwannin Bwari ta tayar da hankalin ƙasa baki ɗaya. Don haka mai niyyar zuwa ya tambayi mutanen yankin halin da ake ciki kafin ya fita. Ya tafi da hantsi ya dawo da rana tsaka, ya tsaya inda masu gadi suke ganin sa, kada ya kutsa daji ko ya hau tsauni shi kaɗai, ya kuma sanar da wani a gida inda ya nufa. Kada ya shiga ruwan, domin yana da zurfi, kuma na sha ne. Kada ya bar leda ko roba a wurin. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba da Nuwamba, sa'ad da ruwan sama ya ɗauke, tafki yana cike, duwatsu suna kore. A Disamba da Janairu hazo yakan rufe tsaunuka, a Maris kuwa zafin rana ba na dattijo ba ne. Mai ciwon baya ko hawan jini ko raunin ido, ya haƙura da babur ya nemi mota, gama ba babur ɗin ne ibada ba.

Ga hukuma kuma, muna kira da a kula da abu biyu. Na farko tsaron hanyar da kewayen madatsar, domin wurin shaƙatawa ba ya amfani in zuciya ba ta kwanta ba. Na biyu a sa ido a kan gine-gine da gonaki da suke matsowa kusa da ruwan, domin duk ƙazantar da aka zubar a kan tudu, damina za ta kai ta cikin abin da miliyoyin mutane suke sha. In an tanadi 'yan rumfuna da bencina da makewayi da wurin sallah a nesa da bakin ruwa, aka sa ɗan kuɗin shiga daidai ƙarfin mai fansho, da wurin ya amfani jama'a ba tare da an ɓata shi ba.

Saura magana ga dattawanmu. Babban abin da yake hana irin wannan fita ba kuɗi ba ne, domin man da babur zai sha zuwa da dawowa bai kai lita biyu ba. Kunya ce, da tsoron abin da mutane za su ce. Kunya kuwa ado ce, amma ba a ce ta shiga tsakanin mutum da halalinsa ba. Malamai sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) a kan hanyar tafiya har sau biyu, ta tsere masa a na farko, bayan shekaru shi kuma ya tsere mata. In haka ne, ina abin kunya ga dattijo don ya goya matar da ta haifa masa 'ya'ya biyar ya kai ta ta ga ruwa da duwatsu? Waɗansu in gida ya yi shiru, dabarar da take fara zo musu ita ce ƙarin aure. Wannan halal ne ga mai hali, amma kafin nan ya kamata mutum ya tambayi kansa yaushe rabon da ya zauna da ta farkon su yi hirar da ba ta cefane ba. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Su ma 'ya'ya suna da nasu rabon. Maimakon a riƙa cewa Baba ya girma da hawa babur, Mama ta zauna a gida ta huta, gara a aiko musu da hular kwano mai kyau da kuɗin mai. Allah Ya ba iyayenmu lafiya da tsawon rai, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa a gama da duniya cikin rufin asiri, amin.